Ƙaramar Ƙofar Da Muka Toshe A Umdurman

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin mu shiga na yau, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙarƙashin shafin da ya wuce cewa, "Tasnim ba ki da godiya, mace da gida sukutum a Umdurman tana kukan kaɗaici." Na gani, 'yar uwa, kuma wallahi ban ji haushi ba. Ki gyara zama ki karanta wannan, in kin kai ƙarshe sai ki sake yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce Tasnim Mika'ilu. A Jidda aka haife ni, a can nake koyar da yara a wata makaranta. Babana, Allah ya jiƙansa, ɗan masu cirar auduga ne a gonakin Jazira ta Sudan. Ya tsallaka Saudiyya yana saurayi da sana'ar ɗinki a hannunsa, duk abin da allura ta kawo masa ya zuba shi a gida guda a Umdurman, gidan da muke buɗewa wata biyu na hutu mu garƙame sauran shekara. A unguwa mugtaribin ake ce mana, wato masu zaman waje. Tun da Baba ya rasu ba wanda ya ƙara tako ƙafarsa sai ni bana. Ni ɗin ma sai da aka ɗauko min Habboba, kakata, daga Alhilla Kuku ta zo taya ni zama, don kada a ce budurwa na kwana a gida ita kaɗai. Habboba kunnenta ya yi nauyi, amma fa abin da take so ta ji ba ya wuce ta.

Dalilin zuwana kuwa ba ɓoyayye ba ne, Salahuddin ne. Bango ɗaya ya raba gidanmu da nasu. Muna yara shi ke hawa bishiyar lemun tsamin Baba ya kakkaɓo min, ni kuma in sha in kai ƙararsa. Yanzu yana da shago a Kasuwar Umdurman, layin masu kayan ƙamshi, duk inda ya wuce sandal da kanumfari na biye da shi. Maganarmu ta yi nisa a waya. Abu ɗaya ya rage, mahaifiyarsa Halti Rahmatu, wato Inna Rahmatu, ta ce "to", manya su zo nema. Ita kuwa ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. In ya matsa mata sai ta ce, "Tasnim baƙuwarmu ce, Allah ya mayar da ita gida lafiya."

Yayana Ubaidullahi, wanda ya zama uba tun bayan Baba, ya gaji da jira. Saƙon muryar da ya turo min ranar Laraba har yanzu yana cikin wayata:

"Tasnim, ki saurara da kyau. Jirginki ranar Asabar ne. In mutanen yaron nan ba su zo wurin Habboba ba kafin nan, halas, shi ke nan, ki kulle gidan ki taho. Ina da mai saye a hannu. Gidan da ba mai kwana sai ƙura, me za mu yi da shi? Kuma Umma ta ce in gaya miki, kada ki zubar mana da mutunci a unguwar mutane."

Unguwar mutane fa ya ce. Na maimaita wurin nan har wayar ta yi zafi a hannuna.

Ku fahimce ni, ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni a layin nan. Da ma wulaƙancin aka yi min, da na san inda zan kama. Kirki ne ya yi min yawa. In na shiga gidan Halti Rahmatu sai in tarar da mata a rakuba, rumfar nan ta bayan gida, kowace a kan 'yar kujerarta, wata na tsinke ganye wata na soya gahawa, ana shewa ana tsine wa mai tumatir. Ina yin sallama hirar za ta tsinke. Halti ta miƙe ta goge hannu a gefen tob ɗinta, mayafin nan na matan Sudan, "Itfaddali ya bitti, shigo 'yata, marhaba da 'yar Jidda." Sai ta ja ni falon baƙi, ta kunna fanka, ta ɗora min lemon kwalba a faranti har da ɗan kyalle a ƙarƙashi. In zauna ni da labule da hoton Ka'aba, ina jin dariyarsu ta dawo daga baya. Sau nawa na so wata ta ɗaga murya ta ce, "Ke Tasnim, tashi ki miƙo min gishiri!" Ban taɓa sanin mutum zai yi kwaɗayin aike ba sai a Umdurman.

Gidanmu kuwa ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Bara Yaya ya sa aka gyara shi daga can ta waya. Farin tayil har tsakar gida, fenti ruwan madara, baƙar ƙofar ƙarfe da kyamara a samanta. Bishiyar lemun ma an sare ta, wai tana zubar da ganye. In la'asar ta yi sai in shimfiɗa darduma a kan tayil ɗin, Habboba na gyangyaɗi a gadon igiya, ni kuma ina sauraron turmin Halti da kukan jikokinta ta bayan bango. Wata rana har na kama kaina ina dariyar wani barkwanci da aka yi a can, ni kaɗai, ban ma ji farkonsa ba. Ranar na yi kuka sosai.

Alhamis ta kama sunan jaririn Wafa, ƙanwar Salahuddin, wadda ta zo wankan jego gida. Ina idar da sallar asuba saƙon Salahuddin ya shigo, da maganar Yumma a ciki, yadda suke kiran mahaifiyarsu ke nan.

"Kef ya ustaza, ya kike? Yau ki zo da wuri. Yumma na cikin farin ciki, ko me aka roƙe ta yau za ta bayar."

Na rubuta masa, "Da kayan aiki zan zo. Yau sai na wanke tukunya a gidanku ko a kira min 'yan sanda."

Ya turo fuskar dariya, sannan ya ce, "Ki bar mana tukunyar da ranta dai."

Na buɗe akwati na kalli tob ɗin siliki ruwan zuma mai duwatsu da na sayo musamman don ranar, na mayar da shi. Na cire awarwaron zinare, na goge jan baki, na ɗaure gashina tamau. Tsohon tob ɗin Habboba na auduga na ɗauko daga igiya, wanda shuɗinsa ya koɗe har ya kusa komawa fari, na yafa, na zura silifas ɗin banɗaki. Ina fitowa Habboba ta ɗago kai daga shayinta ta ƙare min kallo.

"Ina za ki da tob ɗina na wanki? Gidan suna za ki ko gidan makoki?"

"Aiki zan taya su, Habboba."

"Iye?"

"AIKI!"

Ta kurɓi shayi. "Allah ya sa su ba ki."

Na fita ta ƙofarmu, na bi titi na tsallake taɓon ruwan da aka yi jiya, na shiga tasu. Gidan ya cika maƙil. An yanka rago tun da sassafe, hayaƙi ya turnuƙe rakuba, mata biyu na zaune gaban faifan ƙarfe suna ɗebe kisra, siririyar gurasar dawa, ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a tire. Ban yi wa kowa dogon sallama ba. Na hango kwanon albasa da wuƙa a kai, na durƙusa na kama. Wallahi albasa ɗaya da rabi na yanka. Wata maƙwabciya, Zahra, ta zare wuƙar daga hannuna a hankali, kamar yadda ake karɓe ta daga hannun yaro.

"La la la, ya ustaza, idonki zai yi ja."

"Ai ina yankawa a gida, Halti Zahra."

"Mun sani. Ma'alesh, yi haƙuri ki huta."

Sai ga Halti Rahmatu a kaina, fuskarta na ƙyalli da gumi. Ta kalli tob ɗin Habboba, ta kalli silifas ɗin. "Ya bitti, me kike yi a ƙasa? Taso, taso." Kafin in buɗe baki na tsinci kaina a falo, fanka na juyawa, kwalba a gabana da ɗan kyallenta.

Ta tagar falon nake hango titi. Can na ga abin da ya ɗaure min kai. Mata na fita da manyan tukwane, biyu biyu suna kama kunnuwa, suna ratsa rana da taɓo har gidan Zahra da ke ƙarshen layi, wasu na dawowa da dafaffe yana tiriri. Wata tsohuwa har ta kusa zamewa. Na ce a raina, Tasnim ga damarki. Na tashi na koma rakuba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Halti, ga tsakar gidanmu nan babu kowa, ga famfo ga inuwa. A kai tukwanen can mana, ai ya fi kusa."

Jama'a, ko ƙarar ludayi ba ka ji. Mai kisra ta bar ɗaya ta ƙone a kan ƙarfe. Zahra ta sunkuyar da kai cikin albasa. Halti Rahmatu ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta.

"Allah ya yi albarka, ya bitti. Gidanku sabon fenti ne, hayaƙi zai ɓata."

Na tsaya kamar an dasa ni, na san na taka wani abu amma ban san mene ne ba. Don kada hawaye su tona min asiri sai na faɗa ɗakin mai jego. Wafa na kishingiɗe cikin jan tob, lalle baƙi wuluk har gwiwar hannu, ɗakin na tashin turaren wuta, jaririn na barci a gefenta. Wafa sa'ata ce, kuma tun muna yara ba ta iya ɓoye magana a ciki ba. Ta ji abin da na faɗa a waje, don taga a buɗe take.

"Tasnim, tsakaninki da Allah, ba ki sani ba ne ko irin ta mugtaribin ce?"

"Me zan sani?"

"Kin tuna naffaj?"

Na tuna mana. Ga waɗanda ba su san Sudan ba, naffaj wata 'yar ƙofa ce da ake hudawa a bangon da ke tsakanin maƙwabta, mata su riƙa wucewa ba sai sun yafa tob sun bi titi ba. Tamu ta kwano ce mai shuɗin fenti, gajera, sai ka sunkuya. Ta nan nake gudu in Umma ta ɗauko mataji.

Na ce, "Na ga babu ita da na zo. Yaya ya ce an daidaita bangon ne wurin gyara."

"An daidaita," in ji Wafa. Ta gyara wa jaririn hula. "Ammu Mika'ilu, babanki, da hannunsa ya huda ƙofar nan. Ya ce wa Yumma, Rahmatu, mu rabin rayuwarmu ba ma nan, tsakar gidan taku ce. Abincin bikina a can aka dafa. Duk sunan da aka yi a layin nan, a can. Wanda ya yi baƙi daga Jazira, a can ake musu shimfiɗa. Kina zaton aljanu ke share muku gida kafin ku sauka? Yumma ce. Ita ke ba lemun nan ruwa."

Ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa don kada ta tashi yaron.

"Lokacin da maginanku suka zo, Babanmu na asibiti, dukkanmu muna can. Ba wanda ya kira, ba wanda ya aiko. Ranar da ya rasu muka dawo, gida ya cika har titi, mata suka ɗauki tukwane suka nufi naffaj kamar kullum. Yumma ce a gaba. Ta ja ƙofar, sai bulo. Simintin ma bai gama bushewa ba. Ina bayanta, Tasnim. Ta sa tafin hannu ta shafa shi, ta daɗe, sannan ta juyo ta ce, ku kai gidan Zahra. Daga ranar ba ta ƙara ambaton maganar ba."

Ni kuwa na tuna yadda na kira Halti daga Jidda a makon, ina kwance a kujera ƙarƙashin sanyin na'ura, na yi mata ta'aziyya mai tsawo har da addu'o'in da na haddace. Ta ce min, "Na gode ya bitti, Allah ya bar zumunci." A Jidda mun shekara goma sha wani abu a bene ɗaya ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tamu ba. Da na ga bango sumul a nan, abin da kawai na ce shi ne, kai, fentin ya yi kyau.

Ban tsaya cin abincin suna ba. Na bi titi na koma gida, na kira Yaya tun ban zauna ba.

"Yaya, kai ka sa aka toshe naffaj?"

"Wace? Au, 'yar ƙofar nan? Eh mana. Gida ba kowa, ga na'urorin sanyi ga talabijin, a bar shi a buɗe kamar tasha?"

"Ka gaya wa Halti Rahmatu?"

"In gaya mata me? Bangonmu ne, Tasnim. Ke dai ki fara haɗa kaya."

Na kashe wayar ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi masa ba. Na rubuta wa Salahuddin, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa min maganar naffaj ba?" Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Daga ƙarshe abin da ya zo gajere ne.

"Gidanku ne. Da wane baki zan faɗa?"

"Shi ya sa Yumma ta ƙi?"

"Ba ta ƙi ba. Ki ba ni lokaci, bayan baƙi sun watse zan zauna da ita."

"Asabar jirgina, Salahuddin."

"Na sani ya ustaza. Don Allah kada ki yi komai."

Kun ji fa, ya ce kada in yi komai. Ni kuma duk wanda ya san ni ya san in abu ya tsaya min a wuya ba na iya zama.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, layin ya yi tsit, kowa ya shige daga rana. Na san Salahuddin ya raka baƙinsu na Jazira tashar mota. Na shiga ɗakin ajiya, cikin ragowar buhunan siminti da gwangwanayen fenti na sami gudumar da magina suka manta, mai nauyi kamar jariri. Na ɗaure tob ɗina a ƙugu. Wurin bai yi wuyar ganewa ba, in ka matsa kusa fentin ya ɗan fi duhu, tsawon ƙofar da faɗinta sun fito kamar tabo a zane. A raina na riga na gama tsara komai. Zan fasa, in ture shuɗiyar ƙofar, in sunkuya in shiga ba tob ba sallamar baƙi, in ce Halti ga ni. Ita kuma ta rungume ni, mu yi kuka, gobe manya su zo. Har kalar kayan da zan sa na zaɓa.

Bugun farko ya tashi Habboba. Ta zauna a gadon igiya tana gyara ɗankwali.

"Ke, me bangon ya yi miki?"

"Buɗe ƙofar Baba zan yi!"

Wannan karon ba ta ce iye ba. Ta dube ni, ta dubi bangon. "Kin tambayi matar?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ci gaba da bugu, fenti na ɓarewa, ƙura na shiga min hanci, tafin hannuna ya yi ja ya fara tashi. Bulon Yaya mai kyau ne, ba a yi masa ha'incin siminti ba. Na buga don Baba, na buga don lemon kwalba, na buga don duk la'asar ɗin da na yi ina sauraron dariyar mutane. Sai na ji ya saki. Na tattara ƙarfina na ƙara ɗaya, gudumar ta shige har wuya.

Ban ji ƙarar kwano ba. Abin da na ji daga can ɓangaren shi ne katako ya faɗi, sannan ƙarar abubuwa na tarwatsewa a ƙasa, ƙanana ƙanana, da wani guda ɗaya mai nauyi da ya fashe a ƙarshe.

Na zare gudumar, na kai ido ramin. Babu shuɗiyar ƙofa. An cire ta tuni. Gurbin da ta bari Halti ta mayar da shi kanta, ta jera katakai ta shimfiɗa farin kyalle. Yanzu katakan na ƙasa. Finjalan gahawa sun watse a kan yashi, tazbaha ta tsinke, farar hular namiji na kwance cikin garin siminti. A tsakiya ga jabana, butar ƙasar nan da ake dafa gahawa, baƙa saboda tsufa, ta rabe gida uku.

Sai na ga ƙafafu sun matso, babu takalmi. Halti Rahmatu ta durƙusa a hankali, kanta ba ɗankwali, furfura duk a waje, ban taɓa ganinta haka ba. Ta ɗauki hular ta kaɗe ta a cinyarta. Ta ɗauki wuyan jabanar, ta ɗauki cikin, ta gwada haɗa su, suka ƙi zama.

"Halti..." na ce. "Halti, wallahi ƙofar nake so in buɗe. Ban san..."

"Ta Ladan ce," ta ce, ba ta ɗago ba. Ladan shi ne marigayi mijinta. "Tun muna Jazira yake sha a cikinta."

Na ce ma'alesh, na ce ki yafe min, na ce zan nemo irinta ko a ina take. Duk ta bar ni na gama. Sannan ta ɗago ta kalle ni ta cikin ramin, ido cikin ido, babu murmushin nan.

"Da za ku rufe ba ku tambaye ni ba. Da za ki buɗe ma ba ki tambaye ni ba." Ta tattara ɓaraguzan a gefen zanenta ta miƙe, har na daina ganin fuskarta, sai muryarta kawai, ba irin wadda take yi wa baƙi ba, irin wadda ake aiken 'yar gida da ita. "Ki wanke hannunki, Tasnim, ki zagayo ta ƙofar titi, ki taho da kakarki. Zan kira Salahuddin ya dawo. Amsar da kuke ta jira, yau zan ba ku ita a gabansa."